Hannu Mai Yunwa Ba Ya Ɗura wa Doki

Ke mai jan mayafi, sauke wayar nan tukuna. Ba hoton nake hanawa ba, hasken da take walƙawa ne dokin nan ba ya so, kin ga har ya kwantar da kunne. In doki ya kwantar da kunnuwansa baya haka, ba gaishe ki yake ba. Ku matso nan gindin darbejiya ku zauna a tabarma. Na ji abin da ƙawarki ta faɗa tun kuna shigowa, kunnena bai mutu ba: wai ashe aikin ke nan, a shafa doki a ba shi dusa. To madalla. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa. Tunda kun ce koyo kuka zo, bari in ba ku labarin aikin, in kun ji za ku iya, ga turmi ga taɓarya.

Sunana Yalwa, amma in kuka tambayi Yalwa a unguwar Soron Ɗinki sai an yi ta kallon-kallo, Inna Mai-Barga kowa ya sani. Sana'ata jinyar dawaki. Ba na hawa, ba na dillanci, dokin da ya kwanta ciwo shi ake kawo min. Kuna mamakin yadda aikin ya faɗo hannun mace, to ba wani abin mamaki ba ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ne mai maganin dawaki, bargarsa tana ƙofar gida. Amma doki marar lafiya ba ya son hayaniya, ƙofar gida kuwa kun san halin maza, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya ba da fatawa. Sai ya riƙa shigo da masu ciwon ta ƙofar baya, ta lungun nan, ya ɗaure su a ƙuryar gida. Ƙuryar gida kuma baƙon namiji ba ya shiga. Shi ya ba da magani ya fita, zaman jinya ya rage wa ƙanwarsa, Gwaggo Dije. Ita ta koya min, tun ban iya ɗaura zani ba nake biye da ita.

Aikin farko da Gwaggo ta ba ni kwasar kashi ne, kuma na daɗe a kansa har na fara zaton ta manta da ni. Kullum da safe in zo da tsintsiyar kwakwa da tsohon kwano, kafin in kwashe sai ta ce, "Me ya ce miki?" In ce, "Gwaggo, kashi ne fa." Ta ce, "Koma ki sake tambayarsa." Sai da na iya gane wanda ya bushe ya yi ƙanana saboda ƙarancin ruwa, da mai yauƙi, da mai tsutsa, da wanda ƙwayar gero ta fito a cikinsa ɗungurungum, alamar haƙori ya lalace ba ya tauna. Ga shi kun fara yatsina fuska. Ai ba a fara ba, 'yan nan. Rannan na ce mata, "Gwaggo, dokin ƙarshen can bai sha ruwa ba jiya." Ta je ta leƙa kwatarniyarsa ta tarar ƙadangare ya mutu a ciki. Ranar ce ta yarda na taɓa ragama, wato igiyar nan ta kansa.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a rataye. Ragama, dabaibayi na ɗaure ƙafa, soso, wuƙar gyaran kofato, ƙahon ɗura ruwan magani, sai turmi da kwatarniya, ta ruwa daban ta kwaɓi daban. Sauran a kasuwar Kurmi nake sayowa: kanwa ungurnu, ɓawon maɗaci na ciwon ciki, bagaruwa ta wanke gyambo, man kaɗanya na kofaton da ya tsage. Abin da ya fi ƙarfin waɗannan, likitan dabbobi nake kira ya zo da allurarsa, ba na jin kunyar hakan. Amma allura ba ta cika ciki. Dokin da ya ƙi ci, ko wace allura aka yi masa tafiya zai yi. Shi ya sa uwar sana'ar nan ita ce ɗura.

Ga yadda ake yinta. A jiƙa gero, a daka shi sama-sama, a haɗa da dusa da ruwan kanwa, a dunƙula kamar fura amma ƙanana. Kafin ki kai masa sai kin ɗanɗana a harshenki. Kanwa ta yi yawa ta ƙone masa baki, ta yi kaɗan ba zai nemi ruwa ba. Sannan ki tsaya a kafaɗarsa ta hagu, ba a gabansa ba, ki ɗora tafin hannu a wuyansa ki yi shiru. Ba za ki yi komai ba sai kin ji ya sauke numfashi mai tsawo, irin ajiyar zuciyar nan ta mutum. Wani yakan yi nan da nan, wani sai ƙafarki ta yi tsami. In ya sauke, ki zura yatsu ta gefen bakinsa, akwai giɓi a wurin, inda linzami ke zama, babu haƙori. Ta nan za ki tura dunƙulen bisa harshe, ki zare hannu a hankali. Kika kuskure kaɗan, yatsunki suna tsakanin mataunansa.

Akwai dokar da Gwaggo ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a shiga barga da yunwa. Takan ce, "Hannu mai yunwa rawa yake, ko mai shi bai sani ba. Doki kuwa ba ya amince wa abin da ke rawa." Kun ga wannan yatsan da ya karkace? Wata safiya ce ina ɗoki, an kawo wani farin doki kyakkyawa, na tsallake kokona na ruga. Ina zura hannu ya datse. Gwaggo tana ɗaure min yatsa tana cewa, "Ba shi da laifi. Ya tambaye ki ko kin ci, kika yi masa ƙarya." Ke mai tabarau, na ga bakinki yana motsi, azumi za ki tambaya. Da azumi ana ɗura bayan sahur da bayan shan ruwa, tsakanin nan ruwa da ciyawa kawai ake ajiye masa. Kin ga an riga ki tunani.

Masu dawaki kala-kala ne. Akwai samarin da ke hayar doki don hawan angwanci, su yi ta sukuwa a kan kwalta har kofato ya tsage, su kawo min shi yana ɗingishi suna cewa sammu aka yi masa. In ce, "Ƙwarai kuwa, ga masu sammun nan ma tsaye a gabana." Akwai Alhazan da ke ajiye doki don sha'awa, su aiko direba kullum ya tambayi jiki. Akwai kuma mutumin ƙauye da zai tako tun daga bayan gari, ya tsaya yana share hawaye da hannun riga, don tare suka tsufa da dabbar. Duk a soro suke tsayawa. Ba ɗayansu da ya taɓa ganin abin da ake yi a ciki, shi ya sa suke zaton wani asiri gare mu.

Zancen matan da kuka ji ana cewa suna zuwa nan su samu sauƙi, wanda shi ya kawo ku, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Tun zamanin Gwaggo, macen da ta fita takaba ta kasa komawa cikin mutane, ko wadda ta yi ɓari, ko wadda dai zuciyarta ta yi nauyi ba a san dalili ba, sai a ce ta je ta taya Dije aiki. Ba a cewa magani ta je nema, taya aiki ake cewa, kowa ya rufa wa kowa asiri. Gwaggo ba ta tambayar mace me ya same ta, tsintsiya take miƙa mata. Takan ce mutane suna da yawan tambaya, doki kuwa abu ɗaya yake son sani, ko kina nan tare da shi ko hankalinki yana wani wuri. Na ga matan da suka shigo ba sa iya haɗa ido da kowa, suka fita suna daka wa ingarma tsawa. Na kuma ga waɗanda ba su samu komai ba sai warin barga, suka koma yadda suka zo. Ba zan yi muku ƙarya ba.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda ruwa ya sauko da wuri. Gwaggo ta daɗe da rasuwa a lokacin, aikin duk ya dawo kaina. Harawa, wato busasshen ganyen wake da dawaki ke ci, a kan rufin soraye ake tara ta tun kaka. Ruwa ya zo ba zato ya jiƙa ta, rana ta fito, ya sake jiƙa ta. Daga waje lafiya lau, in kin buɗe dami sai fumfuna ta tashi kamar hayaƙi. Mai kyau ta yi tsada, mutane suka riƙa ba dawaki ruɓaɓɓiyar. Sai ga su ana ta kawo min, ciki a kumbure, suna tangaɗi. Turakun nan duk suka cika, har a jikin darbejiyar nan na ɗaure wani. Ni da likita muka yi iya yinmu. Masu amalanke suka san hanyar lungun nan, su zo su ɗauki mushe su fita da shi ta Ƙofar Ɗan Agundi. Na yi kuka a shekarar nan, ni da ba a san ni da kuka ba. Kafin damina ta yi nisa barga ta zama wayam, saura doki ɗaya.

Wani tsohon akawal ne, baƙi wuluk, da can dokin sukuwa. Mai shi ya kawo shi ya ce, "Inna, na bar wa Allah," bai sake waiwayowa ba, shi ya sa muka sa masa Na-Allah. Ciwon bai kashe shi ba amma ya cinye shi, haƙarƙari duk a waje, ga mugun hali. Ya daina karɓar ɗura ko a hannuna. Ni ma a lokacin ba wani cin kirki nake ba, ya kuwa gane. Likita ya duba shi ya ce hanjinsa ya riga ya lalace, ko ya ci ko bai ci ba, ba zai ga kaka ba.

Ana cikin haka Hajiya Asabe ta yi sallama. Maƙwabciyarmu ce ta bayan masallaci, tare muka yi makarantar allo. Tana goye da jaririya, tana janye da 'yarta Binta a hannu kamar mai jan makauniya. Na san Binta, tela ce mai yawan dariya, amma wadda na gani ranar zani ma ya ƙi zama a ƙugunta. Asabe ta zaunar da ita a nan inda kuke, ta ja ni gefe.

Ta ce, "Yalwa, kin san ɗanta na fari, Abba, ya rasu tana da tsohon ciki. Zazzaɓi ne. A hannunta ya cika, cikin adaidaita, kafin su kai asibiti."

Na ce, "Na sani, ai na je gaisuwa."

"To tunda ta haifi wannan ba ta taɓa ta ba, ko ranar suna. Cewa take hannunta ba shi da kyau, abin da ta riƙe mutuwa yake. Nono ya ƙafe, madara nake ba yarinyar. Abinci kuwa sai an yi da gaske take kai loma. Mijinta ya kai ta asibiti, sun ba da magani, sun ce kar ta sha sai ta ci abinci. To ina abincin? Yalwa, 'yata za ta bi ɗanta ina kallo. Ki bar ta ta taya ki aiki."

Na kalli Binta, na kalli Na-Allah. Yarinya ta yarda hannunta kisa yake, ni kuma dokin da ya rage min wanda likita ya fid da rai da shi ne. In na haɗa su ya mutu a hannunta, na tabbatar mata da zancenta ke nan, kuma na san ba za ta tashi daga wannan ba. In na ce su koma gida, ga yadda take. Na faɗa wa Asabe haka ƙarara, ban ɓoye mata komai ba. Ta gyara goyonta, ta ce, "A gida ma ai mutuwar take. Gara ta zauna a inda ake motsi." Na ce to, da sharaɗin ba za a fasa zuwa asibiti ba, ba kuma za a ajiye maganin ba.

Tsintsiya na miƙa mata, yadda Gwaggo take yi. Ta karɓa da gefen mayafi, don kar fatar hannunta ta taɓa tawa. Kwanaki suka yi suna zuwa da hantsi, Asabe ta zauna a inuwa da jaririya, ita kuma ta share barga ta wanke kwatarniya, ba ta ce wa kowa uffan. Ni ma ban tambaye ta komai ba. Amma na lura in ta gama takan tsaya daga nesa tana kallon yadda nake fama da Na-Allah, ina kai dunƙule yana kau da kai, in na matsa ya nemi cizo. Rannan ina cikin haka sai na ji muryarta a bayana, a dishe.

"Inna, in bai ci ba mutuwa zai yi?"

Na ce, "Ko ya ci ma zai mutu, Binta. Likita ya faɗa, ni ma na gani. Sai dai mutuwa da yunwa daban take."

Ban sassauta mata ba, don na ƙudura ba za ta ce daga baya na yaudare ta ba. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce, "To ai shi ke nan. Tunda mai mutuwa ne, hannuna ba zai ƙara masa komai ba. Ba ni in gwada."

Kun ji fa! Abin da nake gudu, ashe shi ne zai jawo ta. Da lafiyayyen doki ne, da ba ta yarda ta taɓa shi ba har abada. Na ɓoye murnata na ɗaure fuska, na ce, "Me kika ci yau?" Ta sunkuyar da kai. Na ce, "To ba a shiga min barga da yunwa. Dokar gidan nan ce tun kafin a haife ki." Ta ce ita ba ta jin yunwa. Na ce, "Miƙo hannunki." Ta miƙo, yana ta karkarwa. Na nuna mata yatsana na ce, "Wannan kokon safiya ɗaya na tsallake. Ke da kika tsallake na wata da watanni, hannun gaba ɗaya zai cire." Ta juya ta tafi gida ranta a ɓace. Asabe ta bi ta tana hararata, ni kuwa na wuni ina cewa a raina na ɓata lamarin.

Washegari sai ga ta ta dawo. Ta tsaya a gabana ta ce, "Na sha koko." Asabe daga bayanta ta yi min alama da yatsu, ɗan kaɗan ne. Na ce ta miƙo hannu. Yana rawa har yanzu. Na ce, "Bai isa ba. Yau wuyansa kawai za ki dafa." Na tsayar da ita a kafaɗarsa ta hagu, na riƙe ragama. Ta ɗora hannu kamar mai taɓa garwashi. Na-Allah ya kwantar da kunne, fatar wuyansa tana tsuma, ita ma tana tsuma. Na ce, "Kar ki yi masa magana. Ki ji ɗumin jikinsa kawai, ki yi numfashinki." Suka tsaya har inuwa ta gushe daga kansu. Bai sauke numfashi ba ranar, amma bai cije ta ba.

Haka muka yi ta yi, kullum in duba hannu kafin in duba doki. Koko ya koma koko da ƙosai, aka wayi gari ta ci ɗumame. Da abinci ya shiga sai maganin asibiti ya samu wurin zama, barci ya fara zuwa. Ni kuma kunya ta kama ni, ina kafa wa yarinya dokar da ban cika ba, sai na koma cin nawa tuwon sosai. A tsakanin nan da ruwan tsamiya da kunun dusa nake riƙe da ran Na-Allah, ina ba shi ta ƙaho da ƙyar da siɗin goshi. Ranar da ta miƙo hannu na ga ya tsaya cak, na ce ta wanke shi ta kwaɓa da kanta. Ta ɗanɗana ta ce kanwa ta yi kaɗan, na ɗanɗana, gaskiyarta. Ta ƙara, ta dunƙula, ta je ta dafa wuyansa. Ba a jima ba sai na ji ya saki numfashi, fuuu, har leɓensa na kaɗawa. Ta yi bismillah ta zura yatsu ta giɓin, ta tura. Ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya fara tauna.

Asabe ta rangaɗa guɗa daga inuwa, na daka mata tsawa, don guɗa a barga hauka ne. Binta kuwa ta ɗauki dunƙule na biyu.

Daga ranar ba ya karɓa a hannun kowa sai nata. In ta yi sallama daga soro zai ɗaga kai ya yi 'yar haniniya. Ya ɗan yi kumari, gashinsa ya fara sheƙi, har Asabe ta fara cewa likita ya yi kuskure. Ni na san bai yi ba, kashinsa yana faɗa min kullum da safe. Binta ta ɗan ciko, tana hira, har ta gyara min ɗinkin labule. Amma jaririyar nan, ko kallonta ba ta cika yi ba. In ta yi kuka sai Binta ta tura hannayenta ƙarƙashin mayafi ta matse su. Ina dai jiran ranar da nake tsoro.

Ranar ta zo ana gab da girbin gero. Da safe ya karɓi ɗurarsa a hannunta, ya sha ruwa, ita da uwarta suka tafi gida. Bayan azahar sai ya durƙusa, ya kwanta a gefe ɗaya. Dokin da ya yi irin wannan kwanciyar ba ya tashi. Na aika aka kira su, don na ga in ta zo gobe ta tarar da turke ba kowa zai fi muni. Ta shigo da gudu ko takalmi babu, Asabe na biye da goyo. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta, kai mai nauyi, ta dafa wuyan a inda ta saba. Ya sauke numfashin nan nasa mai tsawo. Bai sake ja ba.

Na tsaya ina kallon hannunta, ba fuskarta ba. A al'adar gidan nan, wadda ta ciyar ita ke kwance ragama, kuma kafin ta kwance sai ta shafa cikin dokin ta faɗi abin da ta ji. Gwaggo ce ta kafa haka. Takan ce mai jinya ba ta rayawa, ba ta kashewa, wannan na Ubangiji ne, abin da za a tambaye ta kawai shi ne ko ya tafi da yunwa. Na faɗa wa Binta haka. Na ce, "Shafa ki gaya min."

Ta miƙa hannu ta shafa cikin a hankali, tun daga haƙarƙari har kwiɓi. Ta ce, "A ƙoshe yake, Inna."

Na ce, "To kwance."

Ta kwance ragamar ta naɗe ta. Sai ta zauna riƙe da ita. Can ta yi magana, ba da ni take ba, ba kuma da uwarta ba. Ta ce, "Shi ma Abba ya sha kununsa kafin mu fita. Ni na ba shi. Ya shanye, har ya miƙo min kofin in ƙara." Sai kuka ya zo, irin wanda tun rasuwar ba ta yi shi ba. Asabe ta yunƙura za ta rarrashe ta, na riƙe mata zani. Muka bar ta ta yi mai isarta.

Kukan nata ya tashi jaririyar, ita ma ta callara nata. Asabe ta sauko da ita tana jijjigawa, tana laluben kwalbar madara a jaka. Binta ta share fuska da gefen mayafi, ta tashi ta je kwatarniya ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta dawo ta zauna a tabarma. Ta miƙo hannayen gabana yadda ta saba kowace safiya.

"Inna, duba min. Yana rawa?"

Na duba da gaske, ban yi mata alfarma ba. Na ce, "Ba ya rawa."

Ta juya wajen uwarta ta ce, "Umma, miƙo min ita."

To kun ji. Yarinyar da ta amsa muku sallama a soro, mai kayan islamiyya, ita ce jaririyar. Matar can kuma da ke wanke ƙafar jan doki, wadda ƙawarki ta nuna ta ce aikin ba wuya, Binta ce. Yanzu ita ke ɗura, ni idona ya yi rauni, sai dai in zauna in yi ta faɗa. Ragamar Na-Allah tana rataye a ɗakinta, ba ta yarda a sa wa wani doki.

Ku tashi ku miƙo hannuwanku in gani. A'a, ke mai jan mayafi, dubi yadda naki yake yi! Shayi kawai kika kurɓa kika fito, ko? Ku wuce ɗakin girki, akwai ɗumame a tukunya. In kun cinye, tsintsiya tana bayan ƙofa.